Ɗaga Mataimaki Zuwa Matsayin Babban Mai Horarwa a Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon ƙafa na ɗaya daga cikin wasannin da suka shigo ƙasar Hausa bayan zuwan Turawa, suka kuma sami gindin zama har suka yi kafaɗa da kafaɗa da dambe da kokawa. A yau da wuya a sami gari a Jihar Kano wanda ba shi da fili da ƙungiya. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, alal misali, da zarar an taso daga gona an sallaci la'asar, sai a ga matasa sun nufi filin makaranta domin atisaye. Kowace ƙungiya, ƙarama ce ko babba, tana da mutum guda da ke tsayawa a gefen fili yana ba da umarni, kuma tana da wani da ke tsaye a bayansa yana taya shi.

Komai daren daɗewa, wata rana na gaban zai tafi. Ko dai ya tsufa, ko wata ƙungiya ta zawarce shi, ko a yi masa canjin wurin aiki, ko kuma a sallame shi. A nan ne shugabannin ƙungiya kan shiga tsaka mai wuya, musamman idan ƙungiyar ta saba da cin kofi: a ɗauko baƙo mai suna daga waje, ko kuwa a miƙa ragama ga mataimakin da ke gida? Wannan babi zai yi ƙoƙarin bayyana abin da ke tattare da zaɓi na biyu. Za a duba ma'anar kalmomi, da bambancin ayyukan mutanen biyu, da tushen al'amarin a al'adar Bahaushe, sannan a kawo misalai daga Kano da wasu sassan duniya.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar “mai horarwa” ta samo asali ne daga “horo”, wato tarbiyyantar da mutum ko dabba a kan wani aiki ta hanyar maimaitawa da tsawatawa. Ana kuma amfani da “koci” ko “kociya”, wadda aka aro daga Ingilishi, aka liƙa mata wasali a ƙarshe domin ta dace da tsarin gaɓar Hausa. A manyan ƙungiyoyin Nijeriya akan sami wani muƙami da ake kira “mai ba da shawara kan dabarun wasa”. Duk da sunan nasa, shi ne ainihin shugaban masu horarwa, kuma wanda ake kira babban koci yakan kasance a ƙarƙashinsa. A wannan babi, duk inda aka ce “babban mai horarwa” ana nufin wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan wasa, ko da wane suna ake kiransa.

Kalmar “mataimaki” kuwa an gina ta ne daga aikatau “taimaka”, ta hanyar ɗafa-goshi “ma-” da ɗafa-ƙeya “-i”. Da wannan tsari ne aka gina “magaji” daga aikatau “gada”, inda baƙin “d” ya koma “j” a gaban wasalin “i” saboda ganɗantawa. Kalmomin biyu sun yi tarayya a ƙira, amma sun sha bamban a ma'ana. Mataimaki shi ne mai tallafa wa wani a kan aikin da ba nasa ba, magaji kuma shi ne wanda aikin ya dawo hannunsa. Dukkan bayanin da zai biyo baya yana zagaye ne a kan tazarar da ke tsakanin waɗannan kalmomi biyu, domin ba kowane mataimaki ba ne ke iya zama magaji.

3.0 Bambancin Aikin Mataimaki da na Babban Mai Horarwa

Mataimaki yakan gudanar da mafi yawan atisayen yau da kullum. Shi ne ke jera alamomi a fili, ya raba 'yan wasa rukuni-rukuni, ya lura da wanda ya gaji da wanda ya ji rauni. Sau da yawa shi ake aikawa ya kalli wasan abokan karawa ya kawo rahoto. Bugu da ƙari, shi ne abokin sirrin 'yan wasa. Ɗan wasan da aka ajiye a benci ba ya tunkarar maigida kai tsaye. Wajen mataimaki yake zuwa ya kai kuka, shi kuma ya rarrashe shi.

Aikin babban mai horarwa ya ƙunshi abubuwa masu ɗaci da mataimaki ba ya taɓawa. Shi ne ke zaɓar mutum 11 da za su fara wasa daga cikin 'yan wasa kusan 30, wanda ke nufin kowane mako sai ya ɓata wa mafi yawansu rai. Shi ne ke faɗa wa tsohon ɗan wasa cewa zamaninsa ya wuce. Shi ne ke zama da hukumar gudanarwa a kan sayen 'yan wasa da biyan albashi da alawus. Idan aka sha kashi, shi 'yan jarida ke tarewa, kuma sunansa magoya baya ke kira. Ke nan ranar da aka ɗaga mataimaki, an raba shi ne da aikin da ya ƙware a kai, an ɗora masa wanda bai taɓa yi ba. Wanda jiya yake rarrashi, yau shi ne mai yanke hukuncin da ke sa a nemi rarrashi.

4.0 Tushen Al'amarin a Al'adar Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan matsala tun kafin ya san ƙwallo, kuma tsarin gandu ya isa misali. A gandu, maigida ne ke shugabantar noma, ƙannensa da 'ya'yansa suna aiki a ƙarƙashinsa. To amma akan yanka wa kowane saurayi gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa, wadda zai noma a lokacin da ba na aikin gandu ba. A gayauna ne yaro ke koyon yanke shawara: me zai shuka, yaushe zai shuka, nawa zai sayar. Idan ya yi kuskure, asarar ba ta taɓa rumbun gida. Saboda haka ranar da gandu ya dawo hannunsa, ya riga ya san nauyin yanke shawara.

Wannan hikima ta ƙara fitowa fili a yankin Kura da Bunkure, inda aikin noman rani na Kogin Kano ya sauya rayuwar jama'a tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Aikin yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ana noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Noman da ake yi da ruwan magudana ya fi na damina buƙatar lissafi. Dole mai gona ya san ranar da ruwa ke zuwa ɓangarensa, ya shuka alkama a kan kari domin ta ci sanyin hunturu, ya halarci taron ƙungiyar masu amfani da ruwa, ya kuma iya ciniki da dillalai a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Yaron da ya shekara goma yana ban ruwa da cire ciyawa, amma bai taɓa yi wa kwandon tumatir kuɗi ba, ya san gonar ciki da bai, sai dai bai san shugabancinta ba. Haka lamarin mataimakin koci yake.

5.0 Misalai Daga Kano

5.1 Kano Pillars da Ibrahim Musa

An kafa ƙungiyar Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, wato ƙungiyar hukumar ayyukan ruwa ta Jihar Kano, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Ƙungiyar, wadda ake yi wa kirari da “Sai Masu Gida”, ta lashe gasar firimiya ta Nijeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Manyan sunayen da aka danganta da waɗannan nasarori, irin su Kadiri Ikhana da Mohammed Baba Ganaru da Okey Emordi, mutane ne da aka ɗauko bayan sun yi aiki a wasu ƙungiyoyi.

A 2017 al'amura suka dagule, Kadiri Ikhana, wanda ya dawo ƙungiyar karo na biyu, ya bar aiki ana tsakiyar kakar wasa. A maimakon neman wani baƙon, sai aka miƙa ƙungiyar ga Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, ɗaya daga cikin masu horarwa na cikin gida. A watan Oktoba na 2018 ya kai Pillars wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba. Pillars ta fara zura ƙwallo uku a ragar Rangers ta Inugu, amma Rangers ta farke duka ukun, sannan ta yi nasara da ci 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Irin wannan rashin nasara ya isa ya sa a kori koci a ƙungiyoyi da dama. Pillars ba ta kore shi ba.

Sakamakon wannan haƙuri ya bayyana a shekarar da ta biyo baya. A 2019 Pillars ta zo ta biyu a gasar firimiya, sannan a watan Yuli ta doke Niger Tornadoes da ci 4 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ta ɗauki kofin ƙalubale. Wannan ne karo na farko da Pillars ta ci wannan kofi, kuma rabon Kano da shi tun 1953. Kofin da manyan baƙi ba su kawo ba, ɗan gida ne ya kawo shi. Duk da haka, a ƙarshen 2020 sai aka ɗauko wani Bafaranshe, Lionel Soccoia, aka ɗora shi a gaba. Bai yi wata shida ba ya tafi, aikin ya sake komawa hannun Ibrahim Musa. Wannan ya nuna wata ɗabi'a ta shugabannin ƙungiyoyi: sukan ɗauki ɗan gida a matsayin mai riƙon ƙwarya ko da ya ci kofi.

5.2 Usman Abd'Allah a Enyimba

Misali na biyu na wani ɗan Kano ne da ya yi aiki a wajen jiharsa. Enyimba ta Aba ita ce ƙungiyar da ta fi kowace cin gasar firimiya a Nijeriya, kuma ta lashe gasar zakarun Afirka a 2003 da 2004. Usman Abd'Allah ya yi aiki a can a matsayin mataimaki, kuma da Paul Aigbogun ya bar kujerar a 2018 sai aka ɗaga shi. A wannan shekarar ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin ƙalubale na Afirka, inda Raja ta Maroko ta fitar da ita. A 2019 ya ci gasar firimiya, wadda ita ce ta takwas a tarihin ƙungiyar. Ke nan a shekara guda, manyan kofunan Nijeriya biyu sun shiga hannun 'yan Kano biyu waɗanda aka ɗaga daga cikin gida.

Sai dai a farkon 2020, watanni kaɗan bayan ya ci kofi, Enyimba ta raba gari da shi sakamakon rashin nasara a wasu wasanni, ta kuma miƙa aikin ga nasa mataimakin, Fatai Osho. Ƙofar da ya shiga ta ita wani ya bi ya gaje shi. Darasin da ke nan shi ne, ƙungiyar da ta saba da nasara ba ta da dogon haƙuri, kuma kofin bara ba ya kare koci daga fushin bana.

6.0 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

Babu ƙungiyar da ta shahara da wannan tsari kamar Liverpool ta Ingila. Da Bill Shankly ya karɓi ƙungiyar a 1959, bai kori masu horarwar da ya tarar ba. Ya riƙe su, suka riƙa zama a wani ɗan ɗaki da ake ajiye takalman wasa suna tattauna dabaru. Da ya yi murabus a 1974, bayan ya ci kofin ƙalubale, sai aka naɗa mataimakinsa Bob Paisley, wanda yake ƙungiyar tun 1939. A cikin shekara tara Paisley ya ci gasar Ingila sau shida, da kofin zakarun Turai sau uku, a 1977 da 1978 da 1981. Shi ma da ya sauka a 1983, mataimakinsa Joe Fagan ya gaje shi, ya ci kofi uku a kakarsa ta farko. Akwai wani abin lura a nan. Bayan murabus ɗinsa, Shankly ya ci gaba da zuwa filin atisaye, 'yan wasa suna girmama shi kamar yana kan mulki, har sai da ƙungiyar ta nuna masa cewa ya ja baya domin Paisley ya sami sarari.

Manchester United ba ta yi wannan dabara ba. Bayan ta ci kofin zakarun Turai a 1968, Matt Busby ya sauka a 1969, aka naɗa Wilf McGuinness, ɗan gida mai shekara 31. Amma Busby ya zauna a ƙungiyar a matsayin babban manaja, kuma da yawa daga cikin manyan 'yan wasa sa'o'in McGuinness ne. A watan Disamba na 1970 aka sauke shi, Busby ya koma kujerarsa. Bahaushe na cewa idon da ya ga sarki ba ya tsoron galadima, balle kuma sarkin yana zaune a zaure.

Gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 ta ba da misalai biyu masu karo da juna. Bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa mai masaukin baƙi da ci 4 da nema, aka sallami Jean-Louis Gasset ana cikin gasa, aka ba mataimakinsa Emerse Faé. Faé ya fitar da Senegal da Mali da Kwango, sannan ya doke Nijeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. A ɓangaren Nijeriya kuwa, da José Peseiro ya tafi, aka naɗa mataimakinsa Finidi George a watan Afrilu. Ya yi kunnen doki 1 da 1 da Afirka ta Kudu, ya sha kashi 2 da 1 a hannun Binin, sai hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sanar da cewa za ta ɗauko wani daga waje ta ɗora a kansa. A watan Yuni ya ajiye aiki. Mutanen biyu mataimaka ne, a ƙungiyoyin da suka kara a wasan ƙarshe guda, amma ƙarshensu ya bambanta.

7.0 Fa'ida da Haɗari

Daga misalan da suka gabata za a iya tsamo fa'idojin ɗaga mataimaki. Da farko, tsarin wasan da ya kawo nasara ba ya rushewa. Na biyu, ya san halin kowane ɗan wasa da na magoya baya, kuma da ɗan gari akan ci gari. Na uku, bai kai baƙo tsada ba, wanda muhimmin abu ne ga ƙungiyoyin da ke dogara da kuɗin gwamnatin jiha. Na huɗu, sauran ma'aikata kan ƙara himma idan suka ga cewa mai haƙuri yana iya kai wa ga kujera.

Haɗarin kuma yana fitowa ne daga inda fa'idar ta fito. Sabon da ya sa ya san 'yan wasa shi ne ke iya sa su raina shi, kamar yadda karin magana ta nuna: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Har wa yau, yana iya maƙalewa a kan dabarun maigidansa ko da abokan karawa sun gano su. Sannan duk nasarar da ya samu za a ce ginin wani ya tarar, duk faɗuwa kuma a ce shi ya rusa.

8.0 Sharuɗɗan Samun Nasara

Idan aka yi la'akari da waɗannan bayanai, za a ga cewa nasarar ɗan gida ta rataya ne a kan sharuɗɗa huɗu, kuma uku daga cikinsu suna wuyan shugabannin ƙungiya ne.

(a) A ba shi gayauna tun da wuri. Wato a damƙa masa ƙungiyar matasa ko wasannin sada zumunta, inda zai zaɓi 'yan wasa da kansa, ya kuma ɗauki alhakin sakamako.

(b) Ya nemi ilimin aikin. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da masu horarwa, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka tana ba da lasisi mataki-mataki. Daɗewa a gefen fili ba ta maye gurbin wannan karatu.

(c) A ba shi cikakken iko a bainar jama'a. A rubuta masa kwantiragi mai wa'adi, a bar shi ya zaɓi nasa mataimakin, tsohon maigida kuma ya janye jiki. Ɗan wasa ba ya jin tsoron wanda ya san riƙon ƙwarya yake yi.

(d) A ba shi lokaci. Da Pillars ta sallami Ibrahim Musa bayan abin da ya faru a Asaba a 2018, da ba shi ne ya ɗaga kofi a Kaduna a 2019 ba.

Waɗannan sharuɗɗa ba su taƙaita ga manyan ƙungiyoyi ba. Ƙungiyar unguwa a Kura ko Bunkure, wadda kocinta malamin makaranta ne da za a iya yi wa canjin wurin aiki a kowane lokaci, ta fi kowa buƙatar ta tanadi magaji, domin ba ta da kuɗin ɗauko baƙo. Ƙungiyoyi irin waɗannan sukan watse ne idan mutum guda ya tafi bai bar wanda ya iya riƙe su ba.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa mataimaki da babban mai horarwa ayyuka biyu ne mabambanta, kuma ƙwarewa a na farko ba ta tabbatar da ƙwarewa a na biyu. An ga yadda tsarin gandu da gayauna ya tanadi hanyar cike wannan giɓi, an kuma kawo misalan Ibrahim Musa da Usman Abd'Allah da Bob Paisley da Emerse Faé, waɗanda suka ci kofi, da na Wilf McGuinness da Finidi George, waɗanda ba su daɗe a kujera ba. Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar da wannan matsala a makarantar da za a tura shi, ranar da shugaban makaranta zai yi ritaya a waiwayi mataimakinsa. Abin tambaya a ranar shi ne ko an taɓa barin mataimakin ya yanke hukunci da kansa kafin a miƙa masa makullin ofis.

Tambayoyi

1. Yi bayanin ƙirar kalmomin “mataimaki” da “magaji”, sannan ka kawo wasu kalmomi biyar masu irin wannan ƙira.
2. Kawo bambance-bambance uku tsakanin aikin mataimaki da na babban mai horarwa.
3. Ta yaya tsarin gayauna yake shirya matashi domin shugabancin gandu?
4. Kwatanta yadda Liverpool da Manchester United suka tafiyar da al'amarin tsofaffin masu horar da su.
5. Rubuta insha'i mai shafi biyu a kan yadda wata ƙungiya a garinku ta zaɓi sabon shugaba bayan tafiyar na farko.